Ranar da Aka Nuno Dalhatu a Talabijin

Da Yaya Dalhatu ya rasu, Inna ba ta yi kuka ba. Ni ma ban yi ba, amma nawa rashin kukan daban ne. Ni kaina ne ya ɗaure. Ina zaune a tabarma mata na shigowa suna cewa ya haƙuri, ina cewa da godiya, bakina na aiki ni kuma ba na wurin. Ita kuwa Inna garau take. Tana gane kowa, tana tambayar kowa mutanen gida, har ta tuna wa wata maƙwabciyarmu cewa ta bar rariyarta a wajenmu.

A gonar shinkafarsa ya faɗi, a bakin kanal, yana cikin ban ruwa. Hawan jini ne aka ce. An kai shi asibiti a Kano da hantsi, kafin la'asar aka dawo da shi a lulluɓe a bayan mota. Da aka yi masa wanka aka suturta shi, aka leƙo aka ce mata su zo su yi masa addu'a kafin a fita da shi. Matarsa ta shiga, 'ya'yansa suka shiga, ni ma aka kama hannuna aka shigar da ni. Inna ba ta motsa ba. Goggo Sa'a, ƙanwar mahaifinmu, ta dafa kafaɗarta, ta kira ta da sunanta.

"Tambaya, tashi ki je ki gan shi. Yau kam babu kunya."

"Addu'a daga nan ma tana isa," in ji Inna.

Haka aka fita da shi. Da makarar ta zo wucewa ta ƙofar ɗakin da muke, na dubi Inna, na ga ƙasa take kallo.

Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai zaci ba ita ta haife shi ba. Ita ta haife shi, shi ne ɗanta na fari, kuma matsalar ke nan. A wajenmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta tsayar da ido a kansa. Mata da yawa sama-sama suke yi, a gaban surukai kawai, in an shiga ɗaki su rungumi abinsu. Inna kuwa daga gidan masu shanu aka auro ta, can bayan Bunkure, inda ake auna mace da kunyarta, sai ta ɗauki abin nan ta riƙe shi hannu bibbiyu kamar farilla. Ranar da aka yaye shi kakarmu ta wajen uba ta goya shi ta haye kanal zuwa gidanta, a can ya tashi. Kullum yana zuwa karɓar wa kaka tuwo. Ya tsaya a bakin madafi ya ce, "Adda, na zo," don bai taɓa ce mata Inna ba, ita kuma ta turo kwanon gabansa idonta na kan murhu. In za ta yi maganarsa sai ta ce yaron can. Da ya yi aure ya zama mai gidan can. Har furfura ta fito masa a gemu bai samu wani sunan ba.

Ni ce auta. Ni aka goya har ƙafata ta fara jan ƙasa, ni ce Rauda, Raudatu, Raudar Inna, sunana har ya kusa ƙarewa a bakinta. Shi ya sa abin yake ci mini rai tun ina ƙarama. Duk abin da aka hana shi ni aka juye wa, kuma bai taɓa nuna mini ya lura ba.

A zaman makokin ne Goggo Sa'a ta sake tayar da labarin talabijin. Na ji shi ya fi a ƙirga, kullum kuma don a yabi Inna ake ba da shi.

Lokacin ba a haife ni ba. Talabijin ɗaya ce tak a garinmu, ta Alhaji Hamma, wanda yake buɗe wa manoma ƙofar ruwa yana rufewa. Mai fari da baƙi ce, da batirin tarakta take aiki, eriyarta a ɗaure a kan wata doguwar gora da sai an sa mutum ya riƙa juya ta ana yi masa ihu daga ƙasa. Tashar ba ta buɗewa sai bayan la'asar. Kafin nan wasu layuka ne kawai a tsaye da wata ƙara mai shiga kunne, amma yara sai su zo su zauna a ƙofar gidan suna kallon layukan, wai kada a fara ba su nan. In an buɗe da karatun Alƙur'ani sai shirin yara, sai na manoma, inda wani mai farar riga yake koya wa mutanen da aka haifa a gona yadda ake shuka. Dattawa suna yi masa dariya, amma ba sa tashi. Bayan labarai akwai wasan kwaikwayo, ranar Asabar kuma kokawar Turawa, wadda maza suka shekara suna musu a kan ko jinin na gaske ne. In aka nuno tuta, shi ke nan an rufe, kowa ya kakkaɓe rigarsa ya nufi gida. Mata ba sa zuwa sai ranar Juma'a, da ake shigar musu da ita tsakar gida. Goggo ta ce kakarmu, in mai karanta labarai ya yi sallama, sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta amsa masa, har ta tambaye shi gajiya.

Wata shekara da rani sai ga mutanen tashar da motarsu a makarantar firamaren garinmu. Mai shirin yara ne da kansa, wanda ake kira Kawu Salim, mai ƙatuwar hula da dariya ba dalili. Suka kwashi 'yan aji huɗu zuwa bakin kanal suka ɗauke su, cikinsu har da Yaya Dalhatu. Aka faɗi ranar da za a nuno. Da ranar ta zo, Alhaji Hamma ya ce a shigar wa mata da talabijin ko da ba Juma'a ba ce, tunda su suka haifi yaran, maza su leƙa ta katanga. Tsakar gidan ta cika har kan turmi. Inna ma an jawo ta, tana zaune a baya. Ana sa kiɗan shirin, aka nuno allon makarantar garinmu, mata suka ɗauki guɗa, sai Inna ta miƙe ta ce ta bar tukunya a wuta. Ta fice. Ba a maimaita shirin ba, don a lokacin abin da ya wuce ya wuce ke nan, babu mai dawo maka da shi.

"Kuma wallahi ko wuta ba ta hura ba ranar," in ji Goggo. "Kunya dai an ga ƙarshenta a wajen Tambaya."

Matan suka yi ta gyaɗa kai, wai irin matan da ke nan, yanzu ina za a same su. Na so in ce Allah ya sa kada a same su. Inna na gefe tana jan carbi kamar labarin wata ake yi.

Da aka watse daga makoki kowa ya koma harkarsa. Ni ban koma gidana a Madobi ba. Ba wai na yanke shawarar zama ba ne, tashin ne na kasa. Mijina ya bugo ya ce yaushe, na ce sai na gani. Ina kwana, ina tashi, ina cin abin da aka miƙo mini ba tare da na san ko da gishiri ba. Inna kuwa ta koma sana'arta ta turara shinkafa. Da sassafe ta hura wuta a ƙarƙashin rabin duro, ta juye shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, hayaƙi ya cika gidan, kafin rana ta yi zafi ta baza a tamfol tana bi tana juyawa da ƙafa. Ina zaune a bakin ƙofa ina kallonta tana kai da kawowa. Ko haushinta da nake ji, daga nesa nake jin sa.

Wata ranar kasuwar Bunkure da hantsi aka yi sallama da ni a zaure. Malam Nasiru ne, abokin Yaya tun firamare, yanzu yana sayar da taki da maganin feshi a Kura. Ya ƙara yi mini gaisuwa, yana ta juya waya a hannu.

"Rauda, wani abu ne ya shigo mana a zaurenmu na tsofaffin ɗalibai a waya. Na rasa wa zan nuna wa."

Ya ce wani ne da mahaifinsa ya yi aiki a tashar ya tsinci tsofaffin kaset a ɗakin ajiyarsu, ya kai aka juye masa, yake ta sakawa a intanet guntu-guntu. A ciki har da na garinmu. Ya miƙo mini wayar.

Hoton ya dushe, yana rawa, wasu fararen layuka suna ratsa shi. Kuma shi wanda ya saka, Allah ya shirye shi, ya ɗora wa abin wani kiɗan tausayi na zamani tun daga farko har ƙarshe, ya danne muryar kowa. Sai bakuna ke motsi. Ga Kawu Salim da hularsa, ga yara maza a jere a gaɓar kanal, duk an yi musu aski ƙwal, duk riga iri ɗaya, duk sun ƙame kamar za a yi musu allura. Malam Nasiru ya sa yatsa a kan wani siriri mai fiffiken kunnuwa.

"Ga mutumin nan. Wannan na kusa da shi ni ne."

Gasa aka sa su, ta jan ruwa da bututu, irin wanda har yau manomanmu suke yi: ka nutsa lanƙwasasshen bututun roba a kanal, ka toshe bakinsa da tafin hannu, ka yi ta girgizawa har ruwa ya kama, ka sake shi cikin gona. Yaron mai kunnuwa shi ya riga kowa. Aka matso da hoton kansa har fuskarsa ta cika wayar, yana dariya da giɓi, Kawu Salim yana tambayarsa wani abu yana amsawa.

Na kalla har ƙarshe. Ban ji komai a raina ba. Wani yaro ne da ban taɓa sani ba, ni da na buɗe ido na ga Yaya da gashin baki.

"Ya so ya sake ganin abin nan," in ji Malam Nasiru. "Mun sha zancensa a gona. Ya taɓa ce mini duk garin nan an gan shi a talabijin, ban da mutum ɗaya." Ya share fuska da hula. "Bai faɗi ko wa ba. Kin san shi ma kunyarta yake ji."

Ya tura mini a wayata ya tafi. Na daɗe a zauren a tsaye. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, shi ne na farko da na so tun ranar da aka fita da shi: matar nan sai ta kalli ɗanta. Ba ta kalle shi da rai ba, ba ta kalle shi a likkafani ba, to ga shi Allah ya dawo da shi a waya, kuma daga wannan babu wani.

Na same ta a kan tamfol, zani a ɗaure a ƙirji, ƙafafunta sun yi fari da ƙaiƙayi.

"Inna, an samo shirin nan. Na talabijin ɗin Alhaji Hamma."

Ba ta tsaya ba. Ta kai ƙarshen tamfol ta juyo.

"Wane shiri?"

"Kin san wanda nake nufi. Wanda kika bar tukunya a wuta."

"Ajiye, ina aiki. Rana za ta wuce."

"Rana tana nan gobe."

"Ki kai wa matarsa da yaran, su za su so."

A nan ne wani abu ya ɗan motsa mini, karo na farko. Ban ɗaga murya ba, don ba ni da ita, amma na faɗa.

"Inna, kaka ta mutu. Baba ya mutu. Shi ma ya mutu. Wa ya rage da za ki ji wa kunya? Ni? Ni ban gode ba. Mutanen da suke yabonki sun koma gidajensu, kowacce tana can tana kiran ɗanta da sunansa."

Ban taɓa yi mata magana haka ba. Na jira ta zage ni, ko ta ce in tattara in koma gidan mijina. Sai ta ci gaba da juya shinkafarta, layi bayan layi, har ta gama tamfol ɗin gaba ɗaya. Na ce a raina shi ke nan, dutse na yi wa magana. Sannan ta sauko, ta ɗauki buta ta wanke ƙafafunta da hannuwanta, ta shiga ɗaki. Can na ji ta ce, "Ba kowa a tsakar gidan?"

Na ce ba kowa.

"Sakaya ƙofar zaure."

Na je na sakaya. Da na shigo ɗakin na tarar ta sa riga, ta yafa mayafinta na unguwa, tana zaune a bakin gado ta haɗa gwiwoyi kamar wadda za ta karɓi baƙo. Ta ce in saki labule. Na zauna kusa da ita, na riƙe wayar a gabanmu, na kashe kiɗan nan na banza, na kunna.

Ban nuna mata shi ba. Ko a raina bai zo ba. Wa zai nuna wa uwa ɗanta?

Aka nuno allon makaranta. Aka nuno kanal, ruwa cike har baki, babu ko ciyawa, ba kamar yanzu ba. Inna ta matso da fuskarta, ta ƙanƙance ido. Ga yara a jere. Ga bututu ana raba musu. Ni ba wayar nake kallo ba, ita nake kallo. Yaron mai kunnuwa ya durƙusa, ya girgiza, ruwa ya kama. Fuskarsa ta cika wayar, giɓin nan, idanun nan, yana kallonmu kai tsaye yana magana ba murya. Tsakaninsa da fuskar Inna bai fi taƙi ɗaya ba.

Ko gezau ba ta yi ba. Ba ta kawar da kai ba, ba ta kuma ƙifta ba. Na ce a raina, to, har a nan ma. Har a ɗaki, ƙofa a sakaye, labule a sake. Hoton ya wuce kan Malam Nasiru, ya wuce kan wani, ya koma kan Kawu Salim yana tafi.

Sai Inna ta ce, a hankali, ba tare da ta ɗago ba, "Bai zo ba tukuna?"

Ba daurewa take yi ba. Jira take. Tun ɗazu tana bin fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya tana nema, ya zo ya tsaya a gabanta ya yi mata dariya ya wuce, ba ta san shi ba. Duk maganar da na tanada tun ina yarinya, babu wadda ta dace da wannan.

Shirin ya zo ƙarshe. Aka ja hoton baya, yaran duka suka fito a jere suna ɗaga hannu. Kawu Salim ya yi musu alamar su tafi. Ina kallon mai kunnuwan, ya ajiye bututunsa, ya juya.

Yana juyawa Inna ta damƙe mini wuyan hannu.

"Ga shi nan."

Yatsanta na kansa daidai, a cikin ƙeyoyi fiye da goma masu aski iri ɗaya. Yaran suka ruga a kan gaɓar kanal, yatsan na binsa, bai kauce ba ko sau ɗaya.

"Ga shi nan. Kin ga kafaɗar, ɗaya ta fi ɗaya sauka. Haka yake gudu, sai ya riƙe wando da hagu." Muryarta ba ta canja ba, kamar tana faɗa mini farashin shanshera. Hannunta ne kawai yake matse ni har na fara jin zafi. "In ya juya zai tafi, lokacin nake ɗagowa."

Hoton ya tsaya. Ana jin injin casa daga can bakin titi.

"Mayar," ta ce.

"Inna, bari in kai ki baya kaɗan. An nuno fuskarsa sosai. Shi ne wanda ya ci gasar, mai giɓin nan."

Ta dubi wayar, ta dubi labule.

"Wancan ban san shi ba," ta ce. "Mayar mini inda ya juya."

Na mayar. Yaron ya ajiye bututu, ya ba mu baya, ya ruga yana ƙanƙancewa a kan gaɓar kanal, hoton ya tsaya. Ta ce in sake.